Takardar da Ta Riga Rana Faɗuwa

Akwai abin da ya faru da ni a wani watan azumi wanda na san ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi. Sai dai gara in faɗi gaskiya tun daga farko. Shekaru sun ɗan ja, kuma abin da mutum ya daɗe yana juyawa a ransa yakan goge ta wani gefen ya ƙara kauri ta wani. Mai yiwuwa na haɗa maganar wata rana da ta wata. Mai yiwuwa abin da nake jin an faɗa a zauren Liman a ƙofar masallaci aka faɗe shi. Amma gundarin labarin yana nan yadda yake.

A shekarar na gama jami'a a Kano, inda na karanta ilimin kwamfuta, na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Zoza ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Ba ni da aikin yi sai taya Inna ɓarar gyaɗar iri da zaman gindin darbejiya. Ladanin masallacinmu kawuna ne, wan Inna uwa ɗaya uba ɗaya. Tun kafin a haife ni yake kiran salla, kuma ban taɓa ganinsa da agogo a hannu ba. A bayan masallacin akwai wani ɗan dutse shimfiɗaɗɗe, bai fi taku ashirin daga bango ba. Daga cikin gari ba a ganin faɗuwar rana, gidaje da bishiyoyi sun tare, amma daga kan dutsen ana hango gonaki har inda sama ta haɗu da ƙasa. Idan magariba ta gabato sai Kawu ya hau, ya dubi yamma, ya juya ya dubi gabas, ya sauko ya kama lasifika. Haka aka san shi. Gab da shekarar da nake magana ne idonsa na hagu ya fara yana, mutane suka fara 'yan maganganu a bayansa.

Aikin da na yi na kammala karatu manhaja ce mai lissafin lokutan salla. Ka ba ta lambobin da ke nuna inda gari yake a doron ƙasa, ta fitar maka da asuba da azahar har zuwa lisha na kowace rana. Ban san wanda ya kai wa Liman labari ba. Ana saura kwana goma azumi ya aiko aka kira ni, ya ce yana so in yi wa masallaci jadawalin sahur da buɗa-baki, irin wanda yake gani a masallatan birni. Na ce zan gwada. Ko da na fito daga zauren, ƙafata ba ta taka ƙasa don murna, domin wannan ne karo na farko da wani a garinmu ya nemi karatuna da wani abu.

A nan sai na ɗan yi bayani, don wanda bai saba da harkar ba. A harshen Python, wanda da shi na rubuta manhajar, ba a tara komai a fayil ɗaya. Ana rarraba aikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da fayil ɗinta, ana kiranta modul. Akwai babban fayil wanda shi ake tayarwa, shi kuma yana kiran sauran da sunayensu. Suna kawai yake faɗa, ba ya faɗar inda fayil ɗin yake, harshen ne da kansa yake zuwa ya nemo. Ni ina da modul ɗaya mai lissafin tafiyar rana, da wani ƙarami wanda ba komai a cikinsa sai lambobin gari. Duk na tara su a folda guda a kwamfutata, na kuma sanar da harshen cewa ya riƙa dubawa a can.

Na yi aikin da kyau, wannan zan iya faɗa ba tare da kunya ba. Na tsaya a ƙofar masallaci da wayata na ɗauki lambobin garinmu. Na buɗe ƙaramin modul ɗin na goge na Kano na sa namu. Har minti biyu na ƙara a kan magariba saboda ihtiyaɗi. Na tayar da manhajar, jadawali ya fito, na duba na sake dubawa.

Ina da wani hali da ya kamata a sani. Ina aji biyu cutar kwamfuta ta cinye mini aikin zango guda, tun daga nan komai na rubuta sai na yi masa kwafi uku ko huɗu, na watsa su wurare daban-daban. Ga kuma rashin iya yanke magana. 'Yan ajinmu Malam Wataƙila suke kirana, wai ko sunana aka tambaye ni sai na sa kalmar a gaba.

Da zan je buga takardar, Ƙaraye na nufa, domin akwai abokina ɗan ajinmu da ya buɗe shagon buga takardu a can. Kafin in fita, tsoro ya sa na kwafi babban fayil ɗin na zuba a filasha, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, cikin foldar da na ajiye tsohon aikina gaba ɗaya tun ranar da na kare shi a gaban malamai. Na ce ko kwamfutar ta ƙi tashi a hanya. Da na isa, abokin nawa ya dubi jadawalin ya yi tsaki, ya ce tsofaffi ba za su iya karanta waɗannan ƙananan lambobi ba sai an raba musu tabarau. Na ga gaskiyarsa. Filashar tana jikin kwamfutata, foldar a buɗe, sai kawai na gyara girman rubutu a kwafin da ke ciki, na tayar da shi daga nan, muka buga. Na duba sunan garinmu a sama, yana nan. Na ƙirga layuka, talatin cif. Abin da ban yi ba shi ne in ɗora sabuwar takarda kusa da tsohon jadawali in gwada lambobin.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Wanda ya san zafin wajenmu a wannan lokaci ya san cewa minti ɗaya kafin shan ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Ranar farko aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, ga kunu, ga ƙosai, ga ruwan randa. Takardata tana liƙe a bango ƙarƙashin agogo. Wani ya zo da ƙaramar rediyo. Lokacin da takarda ta nuna ya yi, ba a jima ba aka ji kiran salla a rediyon daga Kano. Kawu yana kan dutse, ya ba mu baya.

Shugaban matasanmu, wanda shi ne kuma na'ibin Kawu, ya miƙe ya leƙa ta gefen bango. "Baba Ladan, lokaci fa ya yi."

Kawu ya ɗaga hannu ɗaya bai waiwayo ba. Sai da aka yi kamar minti huɗu sannan ya sauko ya kira. Washegari ma haka. A rana ta uku bayan la'asar Liman ya ce dattawa su tsaya, ni ma in tsaya, in ɗauko na'urata.

Na'ibin ne ya fara magana, cikin ladabi kam. "Allah gafarta Malam, ba raini ba ne. Baba Ladan ubanmu ne. Amma ga takarda, ga rediyo, bakinsu ɗaya. Shaida biyu ke nan. Akwai tsofaffi da masu ciki da ake ja wa rai a banza, kuma an ce a gaggauta buɗa-baki."

Liman ya juya wajen Kawu. "Ladan, me ka ce?"

"Allah gafarta Malam, ni ban san takarda ba," in ji Kawu. "Amma rana daga wajen mutanen birni take fitowa, wajenmu take tahowa. Yaya za a yi ta faɗi musu ta faɗi mana lokaci ɗaya?"

Maganar ta soke ni kamar ƙaya, domin daidai take. Muna yamma da Kano, dole magaribarmu ta zo bayan tasu da kusan minti uku. Daidaituwar takardata da rediyo ita ce ma ya kamata ta tayar mini da hankali. Amma sai na ce wa kaina wataƙila gidan rediyon ne ke ƙara nasa mintocin na ihtiyaɗi, shi ya sa muka haɗu. Na buɗe kwamfuta a gabansu, na shiga foldar da nake tara modul, na buɗe ƙaramin. Ga lambobin garinmu nan, ga minti biyun da na ƙara.

"Kai ɗan boko," in ji Liman, "ka tabbata da lissafin nan?"

Na ce, "Na tabbata, Allah gafarta Malam."

Har yau ina mamakin bakina. Ni da ba na iya cewa gobe Talata sai na ce wataƙila, ranar da ya kamata in faɗe ta ban faɗa ba. Ina jin idanun dattawan ne suka ɗauke ni. Ina jin kuma ban so a ce shekara huɗu a jami'a ido ɗaya mai yana ya kayar da su ba.

Liman ya yanke cewa na'ibi ya riƙa kiran magariba bisa takarda har ƙarshen wata, Kawu ya ci gaba da sauran salloli huɗu. Ya lulluɓe maganar da cewa hawan dutse kullum wahala ne ga dattijo mai azumi. Kowa ya san abin da ake nufi.

Kawu bai yi musu ba. Ya ce, "To, Allah gafarta Malam. A kira. Ni dai ba zan kira abin da ban gani ba." Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Bai daina hawan dutsen ba. Kullum yana can da dabino a aljihu da ɗan butar ruwa, ana kiran salla a ƙasa yana tsaye, sai ya gamsu sannan ya buɗa baki shi kaɗai, ya sauko ya bi sahu. A gida kuwa wata ƙanwata ce ta gaya mini cewa idan an kira salla Inna ba ta taɓa ruwa, sai ta ja carbi zagaye uku tukuna. Da na yi wa Inna zancen, cewa ta yi, "Ni ban san boko ba, ɗan nan. Amma na san wana."

Kwana huɗu ana bin takarda. A yammacin na huɗun ina hanyar masallaci na ci karo da Kawu a bakin lungu. Tun ranar zaman nake kauce masa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi Inna, ya tambayi zafi. Sannan ya ce, "Ɗan ƙanwata, zo ka taya ni gani. An ce idona ya tsufa, naka kuwa sabo ne."

Muka hau tare. Rabona da kan dutsen tun ina firamare. Gonaki sun bushe ƙayau, an share su ana jiran ruwa, babu abin da ya tare ido sai wasu ɗorawa biyu can nesa. Ya miƙo mini dabino ɗaya. Muna tsaye aka kunna lasifika, na ji na'ibi ya gyara murya ya fara kabbara. Na ɗaga hannu zan kai baki, sai idona ya sauka a tsakanin ɗorawan nan. Rana tana nan, ja wur kamar garwashi, gindinta bai gama taɓa ƙasa ba ma. A ƙasa ina jin ƙarar kofuna da muryoyin mutane suna bisimilla.

"Ka gani, ko idona ne?" in ji Kawu.

"Na gani, Kawu."

"To, riƙe dabinon tukuna."

Muka tsaya har ta nutse gaba ɗaya. Ya juya ni da hannunsa na fuskanci gabas, ya nuna mini wani duhu-duhu da ke tasowa daga ƙasa. Sannan ya ce bisimilla. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba a kan maganar. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ana idar da salla na koma gida na tayar da manhajar daga inda na saba. Jadawalin da ya fito ya bambanta da na bangon masallaci da kusan minti biyar a kowace magariba. Kwamfuta ɗaya, babban fayil iri ɗaya, amsa biyu. Na kasa gane kansa. Ya kamata in tafi wajen Liman a lokacin, na sani. Amma ban iya tunkararsa da cewa na yi kuskure alhali ban san inda kuskuren yake ba. Da sassafe na hau babur zuwa Rogo, daga nan na shiga mota zuwa Ƙaraye.

Abokina yana share ƙofar shago na isa. Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam Wataƙila, azumi bakwai kacal har ka koma haka? Ko budurwar ce ta ce ta fasa?"

Na ce masa ba wasa ya kawo ni ba, na kwashe labari na gaya masa. Ya jingine tsintsiya, ya jawo mini kujera.

"Ranar da muka buga, daga ina ka tayar da shi?"

"Daga filasha, ina jin."

"Kana ji ko ka sani? Me da me ke cikin foldar?"

"Tsohon aikina ne na makaranta. Ajiya ce kawai, ban taɓa komai a ciki ba."

"Kai ba ka taɓa ba," in ji shi. "Sa filashar. Kar ka buɗe modul ɗin da ka gyara, wannan ka riga ka san abin da ke cikinsa. Tambayi manhajar wanne ta ɗauko."

Kowane modul idan aka ɗauko shi yana riƙe da adireshin inda aka samo shi. Layi ɗaya na rubuta na ce a nuna mini. Adireshin da ya fito na filasha ne. Na buɗe fayil ɗin, sunansa ɗaya da wanda na gyara, cikinsa lambobin Kano ne tun na ranar kare aiki, babu ko minti biyun ihtiyaɗi.

Abin da ya faru ke nan. Idan babban fayil ya kira modul, harshen yana da tsarin neman da ba ya saɓawa. Zai fara duba ko ya riga ya ɗauko shi a wannan tashin. In babu, ya duba cikin kayan da aka gina shi da su. In babu, sai ya bi jerin foldoji ɗaya bayan ɗaya, kuma ta farko a jerin ita ce foldar da babban fayil ɗin yake zaune a ciki. Wanda ya fara cin karo da shi mai wannan suna shi zai ɗauka, ya daina nema. Ba ya tambayar wanne ne sabo, ba ya gaya maka akwai wani a gaba. A gida babu komai kusa da babban fayil, shi ya sa yake wucewa har foldar da na gyara. A filasha kuwa tsohon yana nan gefensa.

"Kamar ka ce a miƙo maka fartanya ne," in ji abokina. "Ga tsohuwa a jingine a ɗakin da kake, wa zai tafi rumbu neman sabuwa? Bai yi maka ƙarya ba. Kuma kai ka fi mu maki a wannan darasin, in ban manta ba."

Bai manta ba. Na rubuta wannan jerin a jarrabawa ba tare da kuskure ba. Kwafin da na yi don tsoron asara shi ne ya cuce ni.

Muka buga sabon jadawali, wannan karon muka bi shi layi-layi. Yana miƙo mini takardun ya rage murya. "Ka ga, liƙa wannan a kan tsohon kawai. Minti biyar ne, wa zai lura? In an tambaya ka ce an sabunta. Ka san mutanen ƙauye, in ka ce ka yi kuskure, har jikokinka sai an yi musu gori."

Ba zan ɓoye ba, tun daga Ƙaraye har Rogo shawarar nan nake taunawa, kuma ta yi mini daɗi. Amma in na yi haka, na'ibi zai ci gaba da kira, takarda ta ci gaba da zama mai gaskiya, Kawu kuma ya ci gaba da zama tsohon da idonsa ya mutu. Ga azumin mutane na kwana huɗu da ba su san halin da yake ciki ba. Da na hau babur daga Rogo na riga na san abin da zan yi.

Na iso ana alwalar la'asar. Da aka sallame na miƙe kafin mutane su watse. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana." Ban yi zancen modul ba. Na ce takardar da ke bango lokacin Kano ce, ba namu ba. Na ce kuskurena ne, ba na na'ura ba. Na ce jiya na hau dutse na ga rana da idona ana cikin kiran salla, kuma abin da Kawu ya faɗa ranar zama shi ne daidai.

Na'ibi ne ya fara cewa, "To rediyo fa?"

"Rediyo ta mutanen birni ce," in ji Liman. "Ladan ya gaya mana, ba mu ji ba." Ya ɗan sunkuyar da kai, sannan ya yi bayani cewa wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi, daga baya ta bayyana ba ta faɗi ba, zai rama ranar, babu kaffara a kansa. Duk wanda ya buɗa baki da kiran kwanakin nan huɗu ya rama bayan salla, a kuma sanar da mata a gida.

Wani dattijo manomi daga sahun baya ya ce, "Ga sitta shawwal ga huɗu, goma ke nan a wannan rana. Ɗan boko, injin naka zai ɗaukar mana biyu?" Aka yi 'yar dariya. Ba kowa ne ya yi dariyar ba. Akwai wanda ya fi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, kuma ban ga laifinsa ba.

Liman ya juya wajen Kawu, wanda ke zaune a gefen dama inda ya saba. "Ladan, mun yi maka ba daidai ba, ni ne kuma na yanke. Ka yafe mana, ka koma kan aikinka."

"Ba komai, Allah gafarta Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji Kawu. Na'ibi ya tashi zai ɓalle takardar daga bango, sai Kawu ya ce, "A'a, bar wurin. Yaron ya ce ya gyara, a liƙa gyararriyar. Damina na tafe. Ranar da hadari ya rufe yamma, ni ma ita zan duba."

A ranar shi ya kira magariba. Ina zaune a kan tabarma ina kallon agogo da sabuwar takarda, ya kama lasifika saura kamar rabin minti lokacinta ya cika.

Bayan salla da na fara ramuwa, sai na tarar Kawu ma yana azumi. Na ce masa ai shi babu komai a kansa. Ya ce ya sani, yana dai so ne in samu abokin shan ruwa. Kwana huɗun nan a kan dutse muka buɗa baki, mu biyu. Ya riƙa nuna mini abubuwa: yadda jan yamma yake bambanta ranar da akwai ƙura a sama da ranar da babu, inda rana take faɗuwa da bazara da inda take komawa da kaka, yadda tsuntsaye suke yi gab da lokaci. Ina ji ina gyaɗa kai, amma rabin hankalina yana kan takardar bautar ƙasa da ta fito a makon. Na ce masa in na dawo zan zauna in koya sosai, har in rubuta. Ya ce Allah ya kai mu.

Daga bautar ƙasa na samu aiki a birni. Zuwana gida ya koma na salla da salla, kwana biyu in juya. Kullum ina cewa wani zuwan. Wata damina aka yi mini waya cewa Kawu ya kwanta, kafin in samu izini a wurin aiki an riga an kai shi. Yanzu ina iya lissafa faɗuwar rana ta kowane gari har da daƙiƙa, amma in ka tsayar da ni a fili ka karɓe wayata, ba zan iya ce maka ga lokacin da za ka sha ruwa ba. Wani lokaci in magariba ta riske ni a ofis nakan je taga, sai in tarar benaye sun tare ko'ina. Ban kuma taɓa ba Kawu haƙuri ni da shi ba. Na yi a gaban jama'a, amma irin na ɗa da kawunsa ban yi ba, ina ta jiran ranar da zan iya tsara maganar da kyau.

Abin da na koya, in har na koya, shi ne duba abin da ka gyara ba shi ne duba abin da aka yi aiki da shi ba. A wurin aiki yanzu duk wanda ya zo mini da matsala, kafin komai nakan ce ya tambayi manhajar daga ina ta ɗauko. Na kuma koyi cewa idan lissafinka ya saɓa da wanda ya shekara arba'in yana kallon abu, ka tashi ka je inda yake tsayawa ka duba kafin ka buɗe baki. Taku ashirin ne kacal tsakanina da dutsen nan ranar da na ce na tabbata.

Da yawa daga waɗanda suka zauna a masallacin suna raye. Na ji wani yana cewa kwana uku aka rama ba huɗu ba, wani kuma ya ce ba Liman ne ya fara ba Kawu haƙuri ba, na'ibi ne. Duk wanda ya halarta ya ga na kauce a wani wuri, don Allah ya aiko mini da gyara ta hannun mutanen gidanmu. Wanda kuma ya taɓa tsayawa da Kawu a kan dutsen ya riƙe wani abu daga abin da yake dubawa a gabas, ina roƙonsa ya aiko mini da wannan tun kafin sauran.